Maganin Tarin Giwa

Ranar da maigidana ya shigo da motar nan gida, a gabana ya kira Inna a waya, ya buɗe murya har maƙwabta na ji, ya ce mata wahala ta ƙare. Ya ce ya sayi mota mai ja da ƙafa huɗu, injin dizal, wadda ba ruwanta da dutse ko taɓo, kuma ba don komai ya saye ta ba sai don ya riƙa kawo mata Auta duk lokacin da ta so. Autar ni ce. Na tsaya a bayansa ina share hawaye da gefen mayafi kamar wata sakarya, ina cewa a raina ashe dai mutumin nan yana da zuciya.

Garinmu a kan tudu yake, can bayan rafi. Motocin haya iyakarsu bakin rafin, daga nan sai babur ko ƙafa, hawan awa biyu cur. Da can nakan hau, ina haki ina zagin duwatsu, amma nakan isa. Tun da aka yi mini aiki a gwiwa, ko matakalar bene sai na yi shawara da ita kafin in taka, balle in ɗare babur. Inna kuma ta tsufa, saukowa ta fi ƙarfinta. Ga idonta ya fara tafiya. Likitan da ke leƙa garin ya ce irin ciwon nan ba ya komawa baya, sai dai a rage masa gudu da magani. Duk wayar da za mu yi da magana ɗaya take rufewa, wato in zo ta gan ni tun tana gani.

To bari in gaya muku wanda aka damƙa wa mota. Shekara talatin da ɗaya baban yara ya yi yana riƙe da makullin sito a ma'aikatarsu, har abokansa ba sa kiransa da komai sai Sito. Abin da ya koya a shekarun nan guda ɗaya ne tak: kayan da ba a fitar ba, ba ya lalacewa. Mutumin da ya yi ritaya ya bar kujeru sababbi fil cikin leda, ma'aikata na zaune a kan benci mai ƙafa uku, kuma aka tara jama'a aka ba shi takardar yabo. Takardar tana nan a falo, ita ma cikin leda.

Ya sa wa motar suna Giwa. Kullum da safe, kafin ya tambayi yadda na kwana, zai fita tsakar gida ya yaye mata tampol, ya ninke shi gida huɗu, ya tada ta. Sai ya ɗauko kujerar roba ya zauna kusa da tayar gaba, ya bar ta a silo, injin na aiki tana tsaye, minti arba'in, yana kallon agogo. Wai yana ɗumama ta. In ta gama ɗumama, ya shiga, ya tuƙa ta a hankali zuwa ƙarshen layinmu, wajen mai sayar da bulo, ya juyo, ya dawo, ya kashe, ya rufe. Tafiyar ke nan ta yau. Mai kuwa ba ya bari ya wuce kwatan tanki, don kada nauyinsa ya gajiyar da sifirin. Ƙaramar giyar nan ta gefe, wadda in an ja ta ƙafafu huɗun ke kamawa gaba ɗaya, wato ainihin abin da aka sayi motar dominsa, ya sa mata safa ya ɗaure da roba, kada hannu ya goge rubutun da ke kanta.

Ran Asabar abokansa uku sukan zo, dukkansu 'yan fansho, su jera a benci da kofunan shayi, a tada Giwa su saurara. Wallahi kamar masu jin labarai a rediyo. Ɗaya ya karkata kai ya ce injin nan lafiya lau yake. Ɗaya ya ce da irin wannan kulawa har jikoki za su gaje ta. Na ukun kurma ne, amma shi ya fi kowa gyaɗa kai. Ni ce mai kawo shayin.

Shekarar farko na yi haƙuri. Da damina ya ce taɓo zai shiga ƙarƙashinta ya kawo tsatsa, a jira rani. Da rani ya zo ya ce wannan zafin ba na hawan tudu ba ne, lagireto zai wahala. Da gari ya yi daidai, ba ruwa ba zafi, ya ce tayoyin sababbi ne, duwatsun garinmu kuma ya san su, kaifi gare su. Sau ɗaya har an sa rana, na haɗa jaka, na yi wa Inna waya, na shiga mota na zauna a kan ledar kujera tana ƙara a ƙarƙashina. Ya fito da makulli a hannu, ya ɗaga kai ya ga wani ɗan gajimare da bai kai faifai ba. Na sauko da jakata.

A shekara ta biyu haƙurin ya ƙare. Na same shi yana goge fitilar gaba da tsohuwar rigata, na zazzage masa abin da ke cikina. Na ce in tsoron hanya yake ji ya ba Yayana makulli ya kai ni. Na ce uwata makancewa take yi, ba jira take yi a gama goge fitila ba. Bai ko ɗaga murya ba. Ya dube ni da tausayi, irin kallon da ake yi wa wanda bai je makaranta ba.

"Maman yara, ai don ke nake adana ta. In ta lalace, da me zan kai ki?"

Na koma kicin na huce a kan tukwane.

Yayan nawa bakanike ne, kuma dizal ne kaɗai aikinsa, shekara kusan arba'in. Amma baban yara bai taɓa barinsa ya ɗora ko yatsa a kan Giwa ba. Ya ce ya taɓa ganin yadda Yaya ke taka totur har mota na kuka, kuma hannunsa kullum baƙi ƙirin. Yaya ya ji labari ya yi dariya, ya ce a bar shi, motar da kanta za ta zo.

Ai kuwa ta zo. A shekara ta uku Giwa ta fara tari. Da safe sai an murza makulli sau uku, sau huɗu, kafin ta kama, in ta kama kuma ta yi ta karkarwa tana fitar da hayaƙi fari mai yaji, har maƙwabciyarmu ta daina shanya a gefenmu. Wani baƙin ruwa mai danƙo ya fara ɗiga daga bakin salansa yana ɓata siminti. Ranar da baban yara ya ga ɗigon nan bai ci abincin rana ba. Ni da aka yanka mini gwiwa, a asibitin ma sai da ya cinye nasa ya taya ni da nawa.

Ya kai ta wani gareji mai tayil a ƙasa, inda ma'aikata ke sa fararen riguna suna yawo da kwamfuta. Suka jona mata waya, suka daddanna, suka ce ba su ga komai ba, suka wanke ta, suka rataya mata turare a madubi. Ta dawo gida tana ƙamshi tana tari. 'Yan fansho suka yi zaman gaggawa. Ɗaya ya ce a ƙara mata lokacin ɗumi zuwa awa ɗaya, aka ƙara, tarin ya ƙaru. Sai da ya kwana uku yana zagaye ta da hannu a baya, sannan ya shigo ɗaki yana kame-kame, ya tambaye ni ko Yaya yana buɗe gareji ran Talata.

Tare muka je, don shi kaɗai kunya ba za ta bar shi ba. Garejin Yaya rumfar kwano ce a bayan tashar manyan motoci, ƙasan ta sha baƙin mai har ta yi sulɓi, ga rami a tsakiya, ga wani inji rataye da sarƙa, ga sifanu jere a bango kowace da ƙusarta. Motocin da ke wurin na masu haƙar rijiya ne da masu kwaso amfanin gona daga daji, ba wadda ƙofarta ke rufuwa ba tare da an daka mata kafaɗa ba. Baban yara ya ajiye Giwa nesa da su, kamar za ta ɗauki cuta.

Yaya ya goge hannu da tsumma, ya gaishe mu, ya kira shi Yallaɓai kamar yadda ya saba in yana son tsokana. Bai buɗe bonet ba tukuna. Ya zagaya baya ya sa yatsa a bakin salansa, ya fito da shi ya duba. Sannan ya buɗe, ya zaro sandar duba baƙin mai, ya murza man tsakanin yatsu biyu, ya shinshina. Ya tambayi yaushe rabon da a canza shi. Baban yara ya gyara tsayuwa ya ce littafin mota ya ce sai bayan kilomita dubu biyar, ita kuwa Giwa ko dubu ɗaya ba ta cika ba, saboda haka man da ta zo da shi ne, ko taɓa shi ba a yi ba. Yaya ya ce ya sake duba littafin, a layin nan akwai inda aka ce ko bayan wata shida, duk wanda ya riga zuwa. Ya ɗauko wata tsohuwar kwalba ya tara a ƙarƙashin filtar mai, ya kwance ɗan murfin ƙasa. Abin da ya fara zubowa ruwa ne, ruwa sosai, sai daga baya dizal ya biyo ya kwanta a kansa. Ya ɗaga kwalbar a rana don mu gani.

Baban yara ya rantse bai taɓa sayen mai a bakin titi ba. Yaya ya ce ya yarda, ba mai sayar da mai ba ne ya zuba, tankin ne ya haifa. Tankin da kullum ba komai cikinsa sai iska, gumi yake yi ta ciki, gumin ya taru ya kwanta a ƙasa. Ya leƙa cikin mota, ya ga safar, ya dube ni, na kau da kai. Ya cire ta ya ja ƙaramar giya, ta ƙi motsi, sai da ya sa hannu biyu.

"Yallaɓai, ba ciwo ne da motarka ba. Hutu ne yake kashe ta."

Ya yi masa bayani dalla-dalla, ni ma da ban san komai ba na gane. Ya ce injin dizal da zafi yake rayuwa. In an bar shi a silo ba ya yin zafin da zai ƙone man duka, sai wani ya zama kunkunniya ya toshe hanyoyi, wani ya zurara ƙasa ya tsinka baƙin mai. Minti biyu ko uku sun isa ɗumi, sauran ɗumin a kan hanya ake yinsa. Ƙafa huɗun kuma, ko ba a bukata, a ja giyar sau ɗaya a wata a taka ƙasa mai laushi, don giris ya zagaya. Ya nuna wata akwala mai fenti kala uku, ya ce waccan ta haura kilomita dubu ɗari shida ba a taɓa sauke injinta ba, don mai ita ba ya wasa da baƙin mai da filta, kuma ba ya barinta ta zauna.

Baban yara ya zauna a kan wata tsohuwar taya ba tare da ya duba ko da datti ba. Ya tambaya da ƙaramar murya ko za ta tashi. Yaya ya ce zai canza baƙin mai da filtoci duka uku, ya wanke tanki, amma wannan rabin magani ne. Sauran rabin ba a gareji yake ba. A cika tanki fal, a loda mata kaya masu nauyi, a kama doguwar hanya, awa huɗu ko biyar tana aiki da zafinta, a sami tudu mai tsayi ta hau shi da ƙafa huɗu har ta yi gumi. Kuma ba sau ɗaya ba, duk bayan wata biyu.

Baban yara ya yi tagumi. Ya ce ina za a sami irin wannan tudu a kusa? Ya ambaci wata hanya, Yaya ya ce shimfiɗaɗɗiya ce. Ya ambaci wata, Yaya ya ce gajeriya ce. Ni dai ina tsaye riƙe da jaka, ina so in ga iyakar abin. Can sai fuskarsa ta washe, ya buga cinya.

"Af! Maman yara, ai akwai hanyar garinku!"

Ya faɗe ta kamar shi ya gano garin.

Da ya tafi sayo baƙin mai, na ja Yaya gefe na tambaye shi tsakaninsa da Allah ko shirya maganar nan ya yi don ya taimake ni. Da ya ce e, da na ji daɗi. Ya ce a'a, Auta, ko kalma ɗaya bai ƙara ba, abin da motar ke bukata ke nan. Ya ce da ya san haka abin zai yi aiki, da tun shekarar farko ya yi ƙarya. Shekara uku ina roƙo da kuka da faɗa, ƙarfe ya yi tari na sati biyu an sa rana.

Jibi aka sa, ba a duba gajimare ba. Matsalar da ta rage ita ce nauyi, don Yaya ya ce a loda. Baban yara ya shigo ɗaki yana tambaya ko akwai wani abu mai nauyi a gidan. Na buɗe masa ɗakin baya. Duk abin da na tara wa Inna tun ranar waccan waya yana nan: katifa, barguna biyu, buhun shinkafa da na sha canzawa don kada ya yi ƙwari, kujera mai hannu, fitila mai caji, tabarau har kala uku. Ya yi murna ƙwarai. Ya ɗaga wannan ya jijjiga wancan, sannan ya dube ni daga sama har ƙasa, ya ce in zauna a baya ta gefen hagu, can ne nauyi bai kai ba.

Awa ta farko Giwa ta yi ta aman hayaƙi, masu babur na wuce mu suna toshe hanci. Baban yara ya riƙe sitiyari da hannu biyu yana ba ta haƙuri. A awa ta biyu hayaƙin ya fara raguwa. A ta uku ya ɗauke ɗif, karkarwar ta tafi, ƙarar injin ta koma wani gurnani mai santsi da ban taɓa ji ba a tsakar gidanmu. A bakin rafi ya tsaya, ya yi bisimilla ya ja ƙaramar giya, muka shiga ruwa muka fita kamar an taka tabarma. Duwatsun nan da na sha zagi, Giwa ta bi ta kansu ɗaya bayan ɗaya ko a jikinta. Hawan awa biyu ya zama minti ashirin da biyar. Na duba agogo, na yi ta maimaita minti ashirin da biyar ɗin nan a raina, har na ji ina son in fasa gilashi. Shi kuwa yana gaba yana dariya, yana bubbuga sitiyari, yana cewa in ji, in ji yadda take numfashi.

A ƙofar gidanmu ya tsaya amma bai kashe ba, don Yaya ya ce bayan doguwar tafiya a ba injin minti uku ya huce. Na bar shi da agogonsa, na sauko ina ɗingishi.

Inna na zaune a kan tabarma a bakin ɗakinta, ta juya fuska wajen ƙarar mota. Na yi sallama, na tsaya a gabanta, rana na kaina. Ta amsa, ta ce Auta ce? Idonta na kallon gefen kafaɗata. Matar ƙanen babana da ke kula da ita ta sunkuyar da kai, ta ce wata biyu ke nan da idon ya rufe gaba ɗaya, Inna ce ta hana a faɗa mini, wai kada in tada hankalin mijina. Na durƙusa da gwiwar da likita ya hana ni durƙusawa da ita. Inna ta lalubo fuskata da hannu biyu, ta bi goshi, ta bi kumatu, ta ce na rame, ta ce kuka na mene ne, ba ga shi na zo ba. Na yi kuka irin wanda ban yi ba tun ina yarinya, kuma rabinsa na haushi ne.

Injin ya yi shiru. Baban yara ya shigo da fara'arsa, ya durƙusa ya gaishe ta, bai lura da komai ba. Ya ce Inna ta fito ta ga motar da ta hau tudun nan ko haki ba ta yi ba. Matar Baffa ta buɗe baki, Inna ta ɗaga mata hannu. Ta ce a kama ta a kai ta. Sai a lokacin ya ga yadda take laluben hannuna, fara'ar ta tsaya masa a fuska.

Muka fita a hankali. Inna ta ɗora tafin hannu a kan bonet, da sauran zafinsa, ta shafa, ta bi gefen ƙofa har baya. Ta ce lallai an kula da ita, ko ƙwarzane babu. Shi kuma, da yake shiru ya yi masa nauyi, sai ya kama bayani. Ya ce ai ba ta da lafiya ne, bakanike ya ce sai tana hawan tudu, shi ya sa yanzu duk bayan wata biyu za a riƙa kawo ta nan. Inna ta saurara har ya gama, tana gyaɗa kai.

"To madalla, ɗan nan. Duk lokacin da motar ta bukaci zuwa, ka taho mini da 'yata."

Ya tsaya nan riƙe da makulli. Na kama hannun Inna muka juya ciki, ina gaya mata ga dakali nan ta ɗaga ƙafa. Ta ce ta sani, ai ta riga ta saba.